Ƙafa-Uku Mai Ruwan Ɗorawa

Ƙeyarsa Safinatu ta fara gani. Ya duƙa a bakin tafki, can ƙarshen gonar albasar mahaifinta da ke kusa da Lambara, ya manna ido ɗaya a wani dogon madubin hangen nesa. Hannunsa ɗaya na dafe da hula, ɗayan yana lallashin abin da aka ɗora madubin a kai. Ƙafa uku ne da abin, sirara kamar na belbela, duk iskar da ta taso daga ruwa sai ya kama karkarwa.

Ranar Asabar ce da hantsi. Safinatu malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata a Bodinga, can take zaune wajen Gwaggonta Rabi, sai ƙarshen mako take zuwa gida. Ta fito ne ɗebo wa Inna albasar miya, don Baba ya tafi kasuwa. Da ta bi tarbiyyar da aka ba ta, da ta sunkuyar da kai ta wuce. To amma wadda ta shekara huɗu tana koya wa yara dalilin da ke sa abu ya tsaya ko ya faɗi, ba ta iya ganin wannan aika-aika ta yi shiru.

"Salamu alaikum. Malam, sauke sandar tsakiyar nan."

Ya ɗago. Dogo ne, baƙi, zoben madubin ya bar masa shaida kewaye da ido ɗaya.

"Wa alaikumus salam. Na'am?"

"Ka zare ta har ƙarshe, ka kuma ɗora mata nauyi a ka. Dole ta yi rawa. Sauke ta, ka buɗe ƙafafun sosai, kai kuma ka rage tsawo."

"In na rage tsawo bayana zai gaya min."

"Bayanka zai warke. Madubin in ya faɗa ruwa ba zai warke ba."

Ya yi dariya, ya yi yadda ta ce. Rawar ta ragu amma ba ta daina ba. Safinatu ta leƙa ƙarƙashin abin, ta ga wata 'yar ƙugiya a tsakiya, ta ɗaure bakin ledar albasarta ta rataya a nan.

Ya mayar da ido.

"Ya tsaya," ya ce. "Wata uku ina faɗa da abin nan. Zo ki ga aikinki."

Ya ja da baya sosai don ya ba ta wuri. Da ta sa ido, sai ga kirinjijiya a gabanta kamar ta miƙa hannu ta taɓa, fararen fuskoki jere a kan laka, ɗaya tana yi wa ɗaya susa a wuya. Tun tana ƙarama take ganin agwagin nan ɗigo-ɗigo a can nesa, ba ta taɓa ganin ƙwayar idon ko ɗaya ba.

Sunansa Abdulaziz, mutumin Dingyadi, yana digiri na biyu a Sakkwato. Aikinsa shi ne ya zo duk Asabar har shekara guda, ya ƙirga tsuntsayen tafkin ya rubuta.

"Zan sayi wani ƙafa-ukun," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ko za a taimaka min da lambar da zan nemi shawara?"

Ta ba shi. Ta juya za ta tafi, ya ce, "Albasar fa?"

"Riƙe ta. Sadaka ce ga ilimi."

Ana cewa so daga ido yake farawa. Wataƙila na wasu. Na Safinatu ya fara ne sa'ad da ta ga an gyara wa namiji kuskure bai ɓata rai ba, abin da ya fi kyan fuska wuyar samu.

Ranar Laraba da yamma saƙonsa ya shigo.

"Malama, barka da yamma. Ɗalibinki ne na bakin tafki. Ina shagon kayan gwanjo a Sakkwato, na samu iri uku. Na farko baƙi ne marar nauyi, ana naɗe shi ya shiga jaka, mai shago ya ce shi ake yayi. Na biyu na alminiyam, ya ɗan fi nawa kauri. Na uku tsoho ne na katako, ruwan ɗorawa, nauyinsa kamar ɗan maraƙi. Wanne?"

Ta rubuta masa: "Kada ka tambayi mai shago, wanda ya gaji da gani a shagonsa shi zai yaba. Ɗora madubinka a kan kowanne, ka saita wani abu mai nisa, ka ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa, ka ƙirga har hoton ya daina rawa."

Bayan ɗan lokaci ya amsa: "Baƙin, shida. Na alminiyam, huɗu. Na katako ban kai ga cewa ɗaya ba. Yana da tsinin ƙarfe a ƙasan kowace ƙafa, da wurin takawa a nutsa shi."

"Shi ne naka. Katako yana shanye girgiza, tsinin kuma zai kama laka. Mai walda zai yi maka farantin da zai karɓi madubin."

"Wa zai ɗaukar min shi daga titi zuwa tafki?"

"Wanda ya ce yana son tsuntsaye."

"In ya zama ba tsuntsaye kaɗai yake so ba fa?"

Safinatu ta karanta sau uku. Ta kife wayar, ta je ta taya Gwaggo Rabi tsince shinkafa, ta tsince har da wadda ba ta da tsakuwa. Sannan ta dawo ta rubuta: "Sai ya fara da sayen na katakon."

Ya saya. Daga nan ya fara zuwa zance ƙofar gidan Gwaggo Rabi bayan la'asar, a kan tabarma, inda kowa ke ganinsu. Yana kiranta Malamata, tana kiransa Sarkin Tsuntsaye. Yakan kawo mata labarin shamuwa da inda take zuwa in ta bar ƙasar nan, ita kuma ta kawo masa na ɗalibanta.

"Malamata, kin san tun da kika zaɓar min abin nan kafaɗata ba ta huta ba?"

"Idonka fa?"

"Idona ya huta. Zuciyar ce ta karɓi rawar."

"Wannan ba ni da maganinta a littafina."

"Yana gidan Babanki. Ki ba ni izini in turo magabata."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Ka turo."

Gwaggo Rabi, wadda kunnenta bai taɓa nisa da ƙofar ba, ta ce da ita daga baya, "Wanga yaro ba shi da aibu. Aikin nasa na dai ban gane ba. In ya ƙirga tsuntsun, ya ba wa?"

Safinatu ta yi dariya. Da ta san tambayar nan za ta dawo mata da nauyi, da ba ta yi ba.

Akwai wani Sama'ila, dillalin albasa, wanda ya shekara biyu yana kai wa Malam Amadu, mahaifin Safinatu, gaisuwar da ta wuce ta ciniki. Sau biyu Safinatu tana ce masa ya yi haƙuri, sau biyu yana ɗaukar haƙurin a matsayin kunya. Shi ne ya hango Abdulaziz wata Asabar a bakin tafki, ya ɗauke shi hoto a waya. A yi masa adalci, bai ƙara komai a kan abin da ya gani ba. Ya dai ji daɗin kai labarin.

Ranar da Baffa Hassan, ƙanen mahaifin Abdulaziz, ya zo Lambara da mutum biyu, Safinatu na ɗakin Inna tana kasa kunne. Ba su daɗe a zaure ba. Furar da aka kai musu ta dawo yadda ta tafi.

Malam Amadu ya shigo, ya zauna a kan buzunsa, ya kira ta. Ya ajiye wani ɗan guntun itace a gabanta, da jan ƙyalle ɗaure a kansa.

"Kin san wanga?"

"Turke ne, Baba."

"Gonata na cire shi, bakin ruwa. Akwai irinsa gonar Malam Yusuf, akwai wasu ukku gaba. Sama'ila ya nuna min hoton mai kafa su, tsaye bayan ƙafa-uku mai ruwan ɗorawa, da littafi a hannu. Shi na anka zo nema ma aurenki."

"Baba, tsuntsaye yake ƙirgawa."

"Haka yac ce miki."

"Na gani da idona."

"Ni ma na taɓa gani da idona. Ba ni ba safiyo mai awon gona ɗiyata. Tashi."

A madafa Inna Hajo ta ba ta sauran labarin, tana tuƙa tuwo ba ta dube ta ba.

"Kina goye a bayana sa'ad da sunka zo. Mutum huɗu, da abin nan mai ƙafa ukku, ruwan ɗorawa. Masu ladabi, har furarmu sunka sha. Sunka leƙa, sunka rubuta, sunka kafa turaku da jan ƙyalle, sunka tahi. Damina na kewayowa gonar kakanki ta zama ta wasu. Tsohon bai sake riƙa fartanya ba har ya koma ga Allah. Babanki shi ya riƙa musu ƙafar abin don kada ta zame, bai san mi suke yi ba. Abin da ba ya yafe ma kansa ke nan."

Safinatu ta zauna a kan turmi. Cikin ƙafa-uku iri uku da ke shagon, ita da iliminta ta tsallake biyu ta zaɓi wanda ya fi kowanne kama da baƙin cikin mahaifinta.

Da ta koma Bodinga ta ƙi fita zance. Kwana uku yana kira ba ta ɗauka. Ba fushi take yi ba, tambayar Gwaggo ce ta tsaya mata a rai. A rana ta huɗu ta rubuta masa:

"Abdulaziz, ka faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Turakun nan na mene ne? Kuma in ka gama ƙirgar, wa za ka ba? Za a iya zuwa wata rana a kewaye tafkin saboda tsuntsaye, a kori masu albasa?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo.

"Malamata, turakun alama ce ta inda nake tsayawa, don ƙirgar kowane mako ta zama daga wuri ɗaya. Rubutun malamina zan ba, a ajiye a jami'a. Abin da wani zai yi da shi bayan shekara goma, ba zan rantse miki a kansa ba, don ban sani ba. Abin da na sani, kuma shi na rubuta, tsuntsayen sun fi yawa a inda ake ban ruwa. In babu masu albasa rabinsu ba za su zauna ba. In abin katakon ne ya ɓata wa Baba rai, gobe zan rabu da shi in koma wa tsohon nawa. Ko in yi masa baƙin fenti."

Da ya rantse mata cewa ba abin da zai taɓa faruwa, da ta ƙara shakka. Wannan "ban sani ba" ita ce ta kwantar mata da hankali.

"Kada ka taɓa fentinsa," ta rubuta. "In ka ɓoye shi ka tabbatar da maganar Sama'ila. Ka zo da shi ranar Asabar yadda yake. Ka yi haƙuri da shiruna, Sarkin Tsuntsaye."

"Tun da kin kira sunan, na warke."

Mutane kan ce a bar tsoho ya huce da kansa. Malam Amadu ya shekara ashirin da biyar bai huce ba, babu dalilin da zai sa ya fara a wannan makon. Inna Hajo ta fi kowa sanin haka. Ranar Asabar ta ce za ta dubo matar Malam Yusuf da ba ta jin daɗi, Safinatu ta raka ta. Ta kuwa dubo ta, don Inna ba ta ƙarya. Hanyar dawowa ce kawai ta yi tsawo, ta biya ta bakin tafki.

Abdulaziz ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, kin zo a sa'a. Wata shida ina zuwa nan ban taɓa ganinsu ba sai yau."

Ya rage wa abin tsawo daidai ita. Inna ta rufe ido ɗaya da tafin hannu ta leƙa da ɗayan. Safinatu ta ji Inna ta ja numfashi ta yi salati a hankali.

Da azahar, tana ajiye wa mijinta kwanon abinci, ta ce kamar ba komai, "Malam, yau na ga gauraka."

"Ina?"

"Tafki. Biyu, da tukkunsu."

"Hajo, gauraka ta bar ƙasar ga tun kafin a haifi Safinatu."

"To ta komo. Cikin madubin yaron nan na gan ta."

Ya ajiye cokali. Safinatu ta ƙanƙame bakin ƙofa.

"Wurinsa kinka tahi ke nan."

"Na biya."

"Hoto na ya sa a ciki, irin na waya. Yaran yanzu ba abin da ba su iyawa."

"Ai sai ka tahi ka kama shi da ƙarya. Ka huta, mu huta."

Ya gama cin abincinsa tsaf, ya wanke hannu, ya ɗauki sandarsa.

Safinatu ta faɗa ɗaki ta rubuta da sauri: "Kada ka tafi. Baba na zuwa, kuma ba da fara'a ba."

"Ina nan. Ƙafafuna ne dai ke rawa, na katakon lafiya lau."

Ta ɗauki buzun Baba da butarsa ta bi shi a baya. Ya ji takunta bai kore ta ba.

Abdulaziz ya cire takalmi ya durƙusa. "Allah shi ba ka yawan rai, Baba. Barka da rana."

Malam Amadu ya amsa a taƙaice. Idonsa na kan ƙafa-ukun. Ya kewaya shi, ya shafa katakon, ya sa ƙafa ya tura ɗaya daga tsinin. Ko gezau.

"Irinsa na. Har fentin."

"Na safiyo ne, Baba, ba zan ɓoye ba. A gwanjo na saye shi, don ba ya rawa."

"Ni na zaɓa masa, Baba," Safinatu ta ce daga baya. "Ban san labarin ba."

Ya waiwayo ya dube ta. Ya juya ga Abdulaziz. "Ba inda ka saita nike son gani ba. Ni ka juya shi da hannuna."

Abdulaziz ya nuna masa mariƙin, ya koma gefe. Tsohon ya juya madubin ya bar ruwa, ya nufi gonaki. Ya yi ta lalube har ya tsaya.

"Wancan jakina na," ya ce a hankali. "Ga kunnen da kare ya yaga."

Ya ƙara juyawa. "Ga Yusuf yana faɗa da injinsa. Bai san ana kallonsa ba, ya tuɓe riga."

Sannan ya mayar da madubin kan ruwa da kansa, yana bin gaɓa a sannu, har ya kai wani ɗan tsibiri a can ƙetare. Hannunsa ya saki mariƙin.

Iska ta taso ta kaɗa masa babbar riga, ta kusa ɗauke hular Abdulaziz. Madubin bai motsa ba, tsohon ma bai motsa ba. Safinatu ba ta ganin komai a tsibirin sai ɗigo biyu, amma tana ganin kafaɗun mahaifinta suna sauka.

"Rawa suke yi," ya ce, bai ɗago ba. "Namijin yana tsalle yana rusuna mata. Dauri garke-garke suke sauka bayan gonar Baba. Kukansu ka tashe mu."

Da ya ɗago, ya goge idon da bakin hannun riga, ya ce gilashin ne ke sa ido ruwa. Ba wanda ya musa masa.

Safinatu ta shimfiɗa buzun, ya zauna. "Karanta min abin da ka rubuta yau."

Abdulaziz ya buɗe littafi. Kirinjijiya ɗari biyu da goma sha huɗu. Belbela tamanin. Zalɓe shida. Dinya goma sha ɗaya.

"Dinya nawa?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"Ka yi kuskure. Dinya bayan ciyawar kacallar can take yini. Daga inda ka kafa turkenka ba ka ganin ko rubu'inta. Sai ka hau tudun nan na arewa."

Abdulaziz ya leƙa inda aka nuna masa, ya dafe kai, ya ciro biro. "Wata shida ke nan ina rubuta ƙarya ban sani ba. Baba, in sa sunanka a wurin gyaran?"

"Sa." Ya juya sandarsa a ƙasa. "Na yarda kai ba safiyo ba ne. Amma ka ji. Waɗancan da sunka zo, ba awon ya fi ci min rai ba. Ba wanda ya tambayi Babana. Ya tashi ya iske turke cikin gonarsa kamar ba shi da rai. Kai ma ba ka tambaya ba."

Safinatu ta san akwai amsoshi goma da mai ilimi zai iya bayarwa a nan, cewa bakin ruwa ne, cewa turken bai kai tsawon hannu ba, kuma kowace a cikinsu za ta rufe ƙofar har abada.

"Na yi laifi, Baba," Abdulaziz ya ce. "Tsuntsayen na gani, ban ga masu gonar ba."

Malam Amadu ya nuna gonakin da sandarsa.

"Turaku biyar, masu gona biyar. Ka bi su gida gida. Ka yi sallama, ka zauna, ka hwaɗa musu abin da kake rubutawa da wanda za ka ba, har da abin da ba ka sani ba. Wanda ya yarda ka bar turkenka, wanda bai yarda ba ka cire. In ka gama, Baffanka shi komo."

Mako uku abin ya ɗauke shi. Malam Yusuf ya yarda nan take, da sharaɗin a daina kallonsa ba riga. Wani ya sa shi zuwa sau uku kafin ya ba shi tabarma. Wani tsoho kuwa ya saurare shi har ƙarshe, ya sa masa albarka, ya ce ya cire. Ya cire, ya je ya sha faɗan malaminsa a Sakkwato kan ɓata tsarin ƙirga.

Ya rubuta mata a ranar: "Malamata, na rasa turke ɗaya, na sha faɗa, kafaɗata ta kumbura. Saura gida ɗaya, kuma shi na fi tsoro."

Ta amsa: "Je ka, Sarkina. Inna ta ce tun jiya ya sa aka share zaure."

A zauren, Malam Amadu ya ciro turken nan mai jan ƙyalle daga bayan buzu. Bai miƙa masa ba. "Wanga ni ka kafa shi, bisa tudun da na nuna maka. Gaya ma Baffanka Jumma'a."

Wannan karon furar ba ta dawo ba, har ƙari aka nema.

An ɗaura aure bayan an kwashe albasa, ranar Jumma'a, a Lambara. Mutanen Dingyadi sun cika motoci, malaman makarantar Safinatu sun zo da anko, sauran masu gonakin huɗu sun zo, tsohon da ya ce a cire turke shi ya riga kowa zama a sahun gaba. Sama'ila ma ya zo, ya ci shinkafa, ya yi addu'a da ƙarfi don a ji.

Da la'asar, kafin a tafi da amarya, aka kawo ta gaban mahaifinta a lulluɓe, Inna da Gwaggo Rabi na riƙe da ita. Aka kira ango ya durƙusa a gefe. Malam Amadu ya yi musu nasiha gajeriya, don shi ba mai doguwar magana ba ne. Ya ce ta riƙe gaskiyarta amma ta riƙa sa mata gishiri. Ya ce shi kuma ya ci gaba da zama mai jin gyara.

Sannan ya gyara murya. "Abdulaziz, gobe Asabar."

"Haka ne, Baba."

"Ango ba ya zuwa tafki. Kuma an ce ƙirgar ba ta son tsallake mako."

"Zan yi wa malamina bayani, Baba."

"Ba sai ka yi ba. Bar min madubin da littafin. Da ajami ni ka rubutawa, ka nemi mai karanta maka."

A ƙarƙashin mayafi kukan Safinatu ya haɗu da dariya, har Gwaggo Rabi ta zungure ta.

Tsohon ya ɗora hannu a kan ɗiyarsa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah shi yi muku albarka, shi zaunar da ku lahiya, shi ba ku zuri'a mai jin ƙai. Tashi ku tahi, kada rana ta faɗi kuna hanya."

Duk gidan ya amsa da amin.